Fayafayan da Suka Yi Kwantai, da Masu Tono Su

A ƙasashen Amurka da Turai da Jafan akwai waɗansu mutane waɗanda ba su da abin sha'awa kamar tara fayafayan garmaho. Ran Asabar tun da sassafe za ka same su durƙushe a shagunan 'yan gwanjo, suna bin akwatuna ɗaya bayan ɗaya, su ɗaga faifai su duba bayansa su mayar. A cikinsu akwai wani rukuni wanda ya mai da hankali ga irin kiɗan da ake kira kantiri-rok, wanda aka yi yayinsa a Amurka tsakanin 1967 da 1975. Abin mamaki ga al'amarinsu shi ne ba su cika damuwa da fayafayan da suka yi suna ba. Waɗanda suka yi kwantai a zamaninsu, su suke nema, su saurara, su gaya wa 'yan'uwansu. Mun ga ya kyautu mu ba masu karatu labarin wannan kiɗa da na mutanen nan, gama a cikinsa akwai magana a kan yadda aikin kirki yakan ɓace, da kuma wanda alhakin tsare shi ya rataya a wuyansa.

FAIFAN KANSA

Dattawa cikin masu karatu sun san tsohon faifan garmaho, mai nauyi, mai saurin fashewa, wanda yake juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowace fuska tana ɗauke da waƙa guda ta kamar minti uku. Da wani irin ƙaro ake yinsa, wanda waɗansu ƙwari suke tarawa a jikin itatuwa a ƙasar Indiya. A cikin 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai, faɗinsa inci 12, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kowace fuska kuwa tana ɗaukar kamar minti 22. Da wata roba ake yinsa, wadda ake kira binil, da man fetur a cikin asalinta. A shekarar da ta biyo, watau 1949, kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai inci 7, mai juyawa sau 45.

Dogon faifan nan ya sāke wa mawaƙa sana'a. Da, mutum yakan yi waƙa ɗaya a sayar. Yanzu kuwa sai ya jera goma ko goma sha biyu, ya san wadda za ta buɗe da wadda za ta rufe, a sa faifan cikin rigar kwali mai hoto a gaba da sunayen makaɗa a baya. Sai aka shiga auna faifai kamar yadda ake auna littafi, watau a dubi aikin gaba ɗayansa. Irin waɗannan dogayen fayafayai ne muke magana a kansu.

KIƊA BIYU DA BA SA GA MACIJI

Kalmar kantiri a Turanci karkara take nufi. Kiɗa ne na talakawan Turawa na kudancin Amurka, manoma da mahaƙa kwal da direbobin manyan motoci, kuma birnin Nashbil na jihar Tenesi shi ne cibiyarsa. Mutanen ƙasarmu ba baƙinsa ba ne, don kuwa an daɗe ana jin muryar Jim Reeves, wanda ya rasu a 1964, da ta Don Williams, wanda ya rasu a 2017, a gidajen rediyo da shagunan kasuwa. Kayan kiɗansa su ne jita, da goge irin na Turawa, da banjo, da jitar ƙarfe. Banjo dai asalinsa na Afirka ta Yamma ne, bayin da aka kwashe su suka tafi da saninsa, kuma duk wanda ya dubi gurmi ko molo ya dubi banjo na farko zai ga dangantaka. Ita kuwa jitar ƙarfe, kwantar da ita ake yi kamar tebur, makaɗi ya riƙa zame wani guntun ƙarfe a kan tsirkiya, yana taka waɗansu matakai da ƙafa don ya canja murya, sai ka ji tana kuka kamar goge a hannun gwani.

Rok kuwa kiɗan samarin birni ne, na jitar lantarki da ganguna masu ƙarfi. A ƙarshen shekarun 1960 Amurka tana yaƙi a Biyetnam, jama'arta kuma ta rabu biyu. Samari masu dogon gashi, masu ƙin yaƙin, suna jin rok. Iyayensu da mutanen karkara, waɗanda yawancinsu ke goyon bayan gwamnati, suna jin kantiri. Har a 1969 Merle Haggard, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan kantiri, ya yi wata waƙa ta zambo ga masu dogon gashi, ta kuwa zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri. Gidajen rediyo ma kowa da nasa, haka akwatunan shagunan fayafayai. To, a cikin wannan hali ne waɗansu samari a birnin Los Anjalas na jihar Kalifoniya suka ce za su gama kiɗan biyu a faifai ɗaya.

WAƊANDA SUKA SHARE HANYA

Sunan da aka fi ambata shi ne Gram Parsons, wanda aka haifa a 1946 a jihar Filorida, ya tashi a jihar Jojiya. A 1968 faifansa na farko ya fito tare da ƙungiyarsa, International Submarine Band, sunan faifan Safe at Home. Kafin ya fito ƙungiyar ta watse, Parsons ya shiga wata shahararriyar ƙungiyar rok mai suna Byrds, ya ja ta zuwa Nashbil. A watan Maris 1968 suka hau dandalin Grand Ole Opry, watau shirin rediyon nan na kantiri da aka fara tun 1925, wanda mawaƙan kantiri ke ɗauka kamar fada. Sun rage gashinsu kafin su je, amma duk da haka 'yan kallo suka yi musu ihu da ba'a.

Faifan da suka yi, Sweetheart of the Rodeo, ya fito a watan Agusta 1968, kuma matsala ta riga shi fitowa. A kan waƙoƙi uku an cire muryar Parsons an sa ta shugaban ƙungiyar, Roger McGuinn, bayan mai kamfanin da Parsons ya fara yi wa aiki ya ce yarjejeniyarsu ba ta ƙare ba. Shi kansa Parsons ya bar ƙungiyar a watan Yuli, ya ƙi bin su zuwa Afirka ta Kudu, yana cewa ba zai yi wasa a ƙasar wariyar launin fata ba. Mujallar Billboard takan jera fayafayai 200 da suka fi ciniki a kowane mako. Wannan faifai bai wuce na 77 ba, alhali kuwa ƙungiyar ta saba da sama.

Parsons da Chris Hillman suka kafa wata ƙungiyar, Flying Burrito Brothers, suka fito da The Gilded Palace of Sin a 1969. Ya tsaya a na 164. Parsons ya rasu a watan Satumba 1973 yana da shekara 26, ta dalilin ƙwaya da giya, faifansa na ƙarshe kuwa, Grievous Angel, wanda ya yi tare da Emmylou Harris, ya fito a 1974 ya tsaya a na 195.

Dalilin kwantan nan a fili yake. Gidajen rediyon kantiri suka ce wannan kiɗan 'yan iska ne, gidajen rediyon rok suka ce kiɗan ƙauyawa ne. Sai ya zama kamar jemage, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi sun ƙi shi. Faifan da rediyo bai sa ba kuwa, jama'a ba su ji ba, mai shago ba ya sarinsa.

KURA DA SHAN BUGU

A 1971 mawaƙiya Linda Ronstadt ta ɗauki waɗansu samari huɗu su yi mata kiɗa, daga baya suka ware suka kafa ƙungiyar Eagles. Biyu daga cikinsu tsofaffin hannu ne a wannan kiɗa. Bernie Leadon ya yi aiki da Hearts and Flowers, da Dillard and Clark, da Flying Burrito Brothers. Randy Meisner ya yi da Poco da kuma ƙungiyar Rick Nelson. Suka ɗauki abin da aka riga aka gwada, suka goge shi, suka sassauta kukan jitar ƙarfe, rediyo ya karɓa. Faifan da ya tattara fitattun waƙoƙinsu ya fito a 1976, kuma a 2018 ƙungiyar kamfanonin fayafayai ta Amurka ta lissafa masa ciniki miliyan 38 a ƙasar kaɗai. Ba mu ce Eagles ba gwanaye ba ne. Amma dai Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya fi kowa shan bugun shi ne Gene Clark, mutumin jihar Misuri, wanda ya tsara mafi yawan waƙoƙin Byrds na farko. Ya bar su a 1966, kuma tsoron jirgin sama yana cikin dalilansa, abin da ya hana shi yawon wasa irin wanda ke sayar da faifai. Faifansa na farko ya fito a 1967 kusan lokaci ɗaya da na tsohuwar ƙungiyarsa, a kamfani ɗaya, sai nasu ya danne nasa. A 1968 ya haɗa kai da Doug Dillard, gwanin banjo, suka yi faifai wanda masana da yawa ke sawa a sahun farko na kantiri-rok, shi ma ya yi kwantai. Mutanen Holan su ne suka fara gane shi. Masu sharhin kiɗa na can suka zaɓi faifansa na 1971 a kan shi ne gwarzon shekara, wani faifan nasa kuwa, Roadmaster, a Holan kaɗai aka buga shi a 1973.

A 1974 kamfanin Asylum, wanda shi ne kuma kamfanin Eagles, ya ba shi dama. Ya kashe kamar dala 100,000 ya yi faifai mai waƙoƙi takwas, No Other. Shugaban kamfanin, David Geffen, bai ji daɗin yawan kuɗin da ƙarancin waƙoƙin ba, ba a yi wa faifan talla sosai ba, ya tsaya a na 144, kuma zuwa 1976 an daina buga shi. Clark ya rasu a 1991 yana da shekara 46. Masu tara fayafayai su ne suka riƙe shi, wannan ya ara wa wancan, wancan ya naɗa wa abokinsa a kaset. A 2014 waɗansu makaɗa na sabon zamani suka yi yawo suna buga faifan daga farko har ƙarshe, a 2019 kuma kamfanin 4AD na Ingila ya sāke buga shi da cikakken bayani, jaridu suka yi ta yabo, shekara 28 bayan mutuwar mai shi.

YADDA FAIFAI KAN ƁACE

In faifai bai yi ciniki ba, kamfani yakan share shi daga littafin kayansa. Waɗanda suka rage a sito sai a huda kusurwar rigarsu ko a yanke ta, alamar ba za a karɓe su in an mayar ba, a sayar wa dillalai da araha. Waɗansu ma narkar da su ake yi a buga sababbi da robar, musamman bayan tsadar man fetur ta 1973. Sa'an nan akwai ƙananan kamfanoni da kan mutu da kayansu. Ian da Sylvia Tyson, mawaƙan Kanada, sun kafa ƙungiyar Great Speckled Bird suka yi faifai a Nashbil, ya fito a 1970 a hannun kamfanin Ampex, wanda ainihin sana'arsa ƙera injin ɗaukar murya ce. Faifan da ƙyar ya isa shaguna, kamfanin kuwa bai daɗe ba ya bar sana'ar fayafayai.

Wani kuma sunansa ne ya cuce shi. Michael Nesmith ya yi suna a wasan talabijin na yara tare da ƙungiyar Monkees. Da ya kafa First National Band tare da Red Rhodes, gwanin jitar ƙarfe, suka yi fayafayai uku a 1970 da 1971, mutane suka ƙi ɗaukarsa da muhimmanci, suna ganin ɗan wasan kwaikwayo ne kawai. Yau kuwa da wuya ka sami mai tara kantiri-rok wanda ba shi da ukun nan.

Da faifan sidi ya zo a 1982, kamfanoni suka juya tsofaffin kayansu zuwa gare shi, amma waɗanda suka yi ciniki aka fara da su, da yawa kuwa ba a taɓa juya su ba. Ko ainihin tef ɗin da aka ɗauki kiɗan a kansa ba shi da tabbas. Ran 1 ga Yuni 2008 gobara ta cinye wani sito a Los Anjalas inda kamfanin Universal ke ajiye irin waɗannan tef. A 2019 jaridar New York Times ta ba da labari cewa waɗanda suka ƙone sun fi 100,000, kamfanin kuwa ya ce ɓarnar ba ta kai haka ba. Ko yaya dai adadin yake, darasin ɗaya ne: in tef ɗin asali ya salwanta, faifan da ke ɗakin wani mutum shi ne ya rage, kuma sau da yawa kamfanoni kan ari faifai mai tsabta daga hannun mai tarawa su juya, don su sāke bugawa.

YADDA AKE TONO

Mai tono yana farawa ne da karatun bayan riga. In ya ji kiɗan jitar ƙarfe ya yi masa daɗi, sai ya duba sunan makaɗin. In ya ga Sneaky Pete Kleinow ne, ko Red Rhodes, ko ya ga Clarence White a kan jita, to duk faifan da ya sāke ganin sunan nan a bayansa zai ɗauka, ko bai taɓa jin labarin mawaƙin ba. Da haka faifai ɗaya kan kai shi ga goma. Wani Baturen Ingila, Pete Frame, wanda ya kafa mujallar ZigZag a 1969, ya shahara da zana salsalar ƙungiyoyi da hannu, kamar yadda ake zana asalin sarakuna: wane ya fita daga nan ya shiga can a shekara kaza. Taswirorinsa sun zama jagora ga masu nema.

Bayan haka akwai duban faifan kansa, kuma nan malaman ofis za su ga aikin da suka saba. Tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai fili, a nan ake zana waɗansu lambobi ƙanana, kamar lambar fayil. Daga gare su gwani yakan gane ko bugun farko ne ko na baya, da masana'antar da ta buga. Bugun farko an fi sonsa domin shi ya fi kusa da tef ɗin asali. Faifan da aka aika wa gidajen rediyo kyauta, wanda sau da yawa takardarsa fara ce, shi ma ana nemansa, don yana cikin waɗanda aka fara bugawa tun ƙarfen bugu bai gaji ba. Akwai kuma matakan daraja da 'yan kasuwa suka yarda da su, daga wanda ba a taɓa sawa ba har zuwa wanda ya ƙoƙe, ana ba faifai nasa mataki, riga nata. Mai gaskiya yakan ɗaga faifai a hasken fitila ya nuna wa mai saye kowane karce kafin a yi ciniki.

Wani lokaci tonon yakan kai ga mutum. Jim Ford, ɗan jihar Kentaki, ya yi faifai ɗaya tak a zamanin ƙuruciyarsa, Harlan County, a 1969, ko da yake manyan mawaƙa irin su Aretha Franklin da Bobby Womack sun rera waƙoƙin da ya tsara. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. A 2006 wani ɗan jarida daga Suwidin ya bi sawunsa har ya same shi a wani ƙaramin gida a arewacin Kalifoniya, da tarin tef na waƙoƙin da ba a taɓa fitarwa ba. Kamfanin Bear Family na Jamus ya buga su a 2007, Ford kuwa ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekara. Da an yi jinkirin shekara biyu, da ba a same shi da rai ba. Jim Sullivan kuwa bai ga ranar ba. Ya yi faifansa U.F.O. a 1969 a wani ɗan ƙaramin kamfani. A watan Maris 1975 ya kama hanyar Nashbil a motarsa, aka tsinci motar a dajin jihar Niyu Meksiko, shi kuwa ba a sāke ganinsa ba. A 2010 kamfanin Light in the Attic ya sāke buga faifan, iyalinsa suka ga duniya ta saurare shi.

Har wa yau akwai waɗanda ba su sami kamfani ba sam, suka tara kuɗinsu suka buga 'yan ɗaruruwa, suka sayar a gidajen rawa na garinsu. A 2016 kamfanin Numero Group na birnin Cikago ya tattara waƙoƙin irin waɗannan makaɗa ya buga a wuri ɗaya. Aikin ya yiwu ne domin shekara da shekaru akwai masu tsintar fayafayan nan a gwanjo suna ajiyewa.

RABAWA DA ROWA

A nan ne halin mutum kan fito. Akwai mai tarawa wanda in ya sami abu mai kyau sai ya kira abokai gida, a sa faifan a saurari fuska ɗaya ba mai magana, a juya, sa'an nan a yi muhawara. Yakan rubuta labarinsa a ƙananan mujallu, ya kai wa mai shirin rediyo, ya nemi iyalan mawaƙin. Akwai kuma wanda yake ɓoyewa, ya saye duk kwafin da ya gani ya kulle, yana jiran farashi ya hau. A ganinmu na biyun nan bai bambanta da kamfanin da ya share faifan ba, gama kiɗan da ba a ji ba daidai yake da wanda aka narkar.

Akwai abubuwa biyu kuma da ya kamata a yi hattara da su. Na ɗaya, ƙarancin abu ba shi ne kyansa ba. Fayafayai da yawa sun yi kwantai ne domin ba su da daɗi, amma mai sayarwa yakan zuga su don ya sami riba, mai saye kuma da ya biya kuɗi da yawa yakan ji nauyin cewa an cuce shi. Ma'aunin da masu hankali cikinsu ke bi shi ne a sa faifan ga wanda bai san tsadarsa ba, a ga ko zai ce a sāke sawa. Na biyu, in tsohon faifai ya canja hannu, ko nawa aka biya, ko kwabo ba ya zuwa ga mawaƙin ko magadansa. Sai in an sāke bugawa da izini ne haƙƙinsu kan isa gare su. Saboda haka wanda ya tono faifai ya taimaka aka buga shi ta hanyar da ta dace, ya fi wanda ya mallaki kwafi goma, ko da kuwa sāke bugun zai rage darajar nasa.

KULA DA FAIFAI

Ga masu karatu da ke da fayafayai a gida, na gado ko na saye, ga abin da masu tarawa suka haɗu a kansa. A ajiye su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani. A nisanta su daga rana da bangon da ke ɗaukar zafi, don roba tana lanƙwashewa, kuma zafin bazara a cikin mota ya isa ya lalata faifai a wuni ɗaya. Ƙurar hunturu tana shiga tsagar da allura ke bi, saboda haka a mayar da shi rigarsa da an gama, a riƙa share shi da ƙyalle mai laushi ana bin zagayen tsagar. A kama shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuska. Babban kashedi kuwa shi ne kada a sa dogon faifai a tsohon garmaho mai allurar ƙarfe, domin sau ɗaya ya isa ta kashe shi.

INDA AKA KWANA

Faifan roba da aka yi wa jana'iza a shekarun 1990 ya farfaɗo. A 2008 masu ƙananan shaguna a Amurka suka fara keɓe rana guda a shekara don bikin shagon fayafayai. A 2022 an sayar da fayafayan roba miliyan 41 a ƙasar, sidi kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan da roba ta wuce tun 1987. Da mujallar Rolling Stone ta jera fayafayai 500 da take ganin sun fi kyau a 2003, na Byrds da ya tsaya a na 77 da na Flying Burrito Brothers da ya tsaya a na 164 duk suna ciki. A watan Satumba 2022 kuma gidan tarihin kiɗan kantiri da ke Nashbil ya buɗe babban nuni a kan kantiri-rok na Los Anjalas, a garin da aka yi wa samarin nan ihu shekara 54 kafin nan.

Jerin ciniki na mako yana nuna abin da aka saya a makon ne kawai, kuma tsakanin hukuncin kasuwa da hukuncin da ya biyo baya an yi shekara talatin ko arba'in, waɗanda a cikinsu ba kamfani ko hukuma da ta tsare yawancin fayafayan nan sai ɗaiɗaikun mutane. Mu ma a nan an buga wa Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da waɗansu da sunansu bai kai nasu ba dogayen fayafayai, kuma akwai sauransu a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo da akwatunan iyayenmu. Malamin da ya tarar da irinsu, kafin ya bar yara su yi wasa da su, ya share su, ya rubuta sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifai a littafi, ya ajiye su a tsaye cikin inuwa, sa'an nan ya nemi wanda ke da injin juyawa.